Labulen da Gwaggo Mai-ɓari Ta Zana

Duk wanda ya shiga ɗakin Gwaggo, kafin ya gama sallama idonsa zai faɗa kan wani tsohon hoto da ke rataye saman madubi. Ba hoton ɗan gida ba ne. Wani mutum ne mai ƙaton kai, ya washe baki har kunne, ga wata mata siririya a gefensa, suna tsaye cikin wata doguwar baranda mai ginshiƙai wadda ƙarshenta ya ɓace can nesa. Baƙi sukan tambaya ko dangi ne. Gwaggo takan ce, "Ko kusa. Amma ta dalilinsu na samu sana'a." Sai ta karkata kai hagu, ta karkata dama, kamar yadda take yi kafin ta ɗauki kowane abu, sannan ta miƙa hannu ga kofin shayinta.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ce autar gidan. Mahaifinsu mai fenti ne, yana rubuta allunan shaguna, yana kuma zana labulen gidan hoto, wato babban yadin nan da ake ratayawa a bayan mutum in za a ɗauke shi. Ita Baba take ce masa, mahaifinmu kuwa Yaya, don haka a wannan labari haka za su amsa.

Tana shekara uku ƙyanda ta kwantar da ita. Ta tashi, amma idon hagu bai tashi tare da ita ba. Idon yana nan a gurbinsa, yana ƙiftawa kamar ɗan'uwansa, sai dai fitilarsa ta mutu. Da yake na dama yana gani tar, har allurar da ta faɗi ƙarƙashin gado ita ke hango wa mahaifiyarsu Inna, babu wanda ya ƙara kawo zancen a ransa.

To amma yarinya ta tashi da ɓari. In an ce ta zuba shayi, sai ta zuba shi gefen kofi, kan tebur. In Yaya ya jefo mata lemo, sai ta tafa hannu a iska, lemon ya same ta a hanci. A matakala takan ɗaga ƙafa ta taka hawan da babu shi, ta yi gaba kamar an hankaɗa ta. Inna ta ce garaje ne. Baba ya ce rashin natsuwa ne. Yaya bai tsaya neman dalili ba, ya raɗa mata suna Mai-ɓari, sunan kuma ya kama ta kamar fenti a farar riga.

Ita kuwa a cikin kanta ba ta zauna ba. Ta gano cewa in ta kaɗa kai gefe da gefe, abin da ke kusa yakan gudu da sauri, na nesa kuma ya yi ta jan jiki kamar malalaci. Ta gano cewa abin da ya rufe wani shi ne a gaba. In ta tsaya bakin titi sai ta ga turakun lantarki suna gajarcewa ɗaya bayan ɗaya, titin yana tsukewa har bakinsa biyu su haɗu, gidajen can ƙarshe kuma launinsu ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Da waɗannan take auna duniya. Ta ɗauka kowa haka yake fama, su dai sun fi ta saurin lissafi ne.

Wata rana ta tambaya. "Yaya, ta ina kake gane cewa kofin nan yana kusa?"

"Ta ina kuwa? Ina ganinsa mana."

"To ni ma ai ina ganinsa."

"Ke kina ganinsa, tebur yana shan shayin," in ji Yaya, ya fashe da dariya.

Shagon Baba ɗaki ɗaya ne mai fuskantar titi. Gwangwanayen fenti jere a kan katako, tsani jingine a kusurwa, alluna masu jiran bushewa sun juya fuska ga bango, ga warin kananzir da ake wanke buroshi da shi, wanda har yau in Gwaggo ta ji shi sai ta ce turarenta ne. Daga makaranta nan take zarcewa. Babu abin da take so a duniya kamar ta riƙe buroshi. Amma tana shekara goma sha biyu ta miƙa hannu za ta tsoma buroshi a jan fenti, ta kuskure bakin gwangwanin, ta ture shi kan allon mai magani da aka kwana huɗu ana rubutawa. Ranar Baba ya kafa doka. Mai-ɓari ta wanke buroshi, ta dama launi tana zaune a ƙasa, amma ko da wasa kada hannunta ya taɓa allo ko yadi.

Shekara bakwai dokar tana aiki. A shekarun nan ta cika ƙarƙashin katifarta da kwalaye, duk ta zane su da gawayi: layin gidansu, cikin shago, titi da turakunsa. Inna kaɗai ta sani, don ita ke shara.

Tana shekara goma sha tara Mai-hoto, wanda shagonsa ke ƙofa uku daga na Baba, ya ba da aikin sabon labule. Shekara ashirin Baba ke zana masa, amma wannan karon Baban ya ce lokaci ya yi da Yaya zai nuna kansa. Yaya kuwa ya zage. Ya hau tsani ya zana wata matakala ta alfarma, da wata ƙofa da giwa za ta shige ba ta sunkuya ba, da tukunyar fure mai ruwan zinariya. Ranar da aka gama, mutanen layin suka yi ta leƙowa suna sa albarka. Yaya ya kwana uku yana tafiya kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Bayan mako biyu sai ga Mai-hoto, labule naɗe a kafaɗa, ambulan a hannu.

"Mai-fenti, ni me na yi maka?" Ya jefar da labulen, ya zazzage hotuna a kan benci. "Duba nan. Ka san direban babbar motar nan, mutum kamar katanga? Ga shi nan ya koma ɗan aji biyu. Ga malamin makaranta, jiya ya zo ya ce in mayar masa da tsawonsa inda na ɗauka."

Baba ya ɗaga hoto ya juya shi. "Ikon Allah."

"Ba ka ji komai ba tukuna. Mai-burodi fa? Shekara ashirin da biyar matarsa na roƙonsa su yi hoto tare, yana ƙi, don ta fi shi tsawo da kai guda. Yanzu 'yarsu da ke karatu a nesa ta aiko tana son hoton iyayenta, da kyar ya yarda. Ya shigo, ya ga abin da labulenka ya yi wa direba, ya ce shi ke nan, shi tururuwa zai fito. Na lallashe shi zuwa Asabar da safe. In ba a gyara ba kafin nan, kada ka ga laifina in na tsallaka wajen mai fentin bayan kasuwa."

Da ya fita, suka rataye labulen. Yaya ya tsaya a gabansa, Baba ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Ni ban ga komai ba. Ga ka nan ƙato, ga labule can. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kamararsa ce ta tsufa."

Gwaggo tana zaune a ƙasa da buroshi cikin kananzir. Ba ta yi niyyar magana ba, maganar ce ta ƙwace. "Baba, tukunyar furen ta kai masa ƙirji. Hawan matakalar kowanne ya kai gwiwa, kuma kamar daga sama ake kallonta. Ni tun ranar farko duk wanda ya tsaya a gabansa ƙarami nake ganinsa."

Suka juyo su biyu.

"To fa," in ji Yaya. "Gwana ta yi magana."

Baba bai yi fushi ba, dariya ma ya yi, abin da ya fi fushin ciwo. "Auta, ke da ba ki ganin bakin kofi, za ki ga abin da idanu huɗu ba su gani ba? Wanke buroshinki." Ya ce da Yaya suna da aikin rubutu a bangon wani sito can ƙarshen gari, kwana uku, in sun gama ranar Juma'a zai ƙara wa labulen haske, shi ke nan.

Washegari aka aike ta ta mayar wa Mai-hoto ambulan ɗinsa da ya manta. Ba ta taɓa wuce ƙofar shagon ba. Ashe ɗan ɗaki ne, taku shida a tsaye, huɗu a kwance. Ga madubi da mataji ɗaure da zare, ga kwat ɗin aro rataye a ƙusa, ga furannin roba da suka sha ƙura. A tsakiya kamara tana tsaye kan ƙafafunta uku kamar zalɓe.

"Kawu, in leƙa?"

"Leƙa, amma hannu a baya. Na san sunanki."

Ta sa hannu a baya, ta kanga idonta na dama a ɗan gilashin da ake leƙawa. Mai-hoto ya je ya tsaya jikin bango yana gyara wuyan riga don tsokana. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ba wai ta ga wani abu sabo ba ne. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne babu abin da ya sauya. Ta zagayo gaban kamarar, ta ƙura mata ido.

"Kawu, ido nawa gare ta?"

"Ɗaya mana. Kin taɓa ganin kamara mai ido biyu a layin nan?"

"To ta ina take gane kusa da nesa?"

"Ba ta ganewa, 'yata. Abin da aka nuna mata shi take yarda da shi."

Gwaggo ta sake duban kamarar. Ta kama dariya, ta dafa bango, ta yi ta yi har hawaye. Shekara goma sha shida tana zaton ita kaɗai ce, ashe ga 'yar'uwarta nan ƙofa uku daga shagonsu, tana tsaye kan ƙafa uku, mutane suna sa kwat suna taje kai don su burge ta!

"Lafiya kuwa?" in ji Mai-hoto.

"Kawu, don Allah matso taku ɗaya. Yawwa! Koma. Sake matsowa!" Ta koma bayan kamarar tana rawar jiki. "Za a iya rage mata tsawo? Ta sauko daidai ƙuguna?"

Ya yi gunaguni, amma ya sassauta ƙafafun, kamara ta sauko. Ta durƙusa ta leƙa. Akwai wata ƙusa a bango sama da kan Mai-hoto. Da ya matso taku ɗaya, sai kansa ya haura ya rufe ƙusar.

"Ka yi tsawo!" Ta buga tsalle, gwiwarta ta daki ƙafar kamara, Mai-hoto ya yi kukan kura ya cafe ta kafin ta kai ƙasa.

"Mai-ɓari! Za ki kashe ni!"

"Yi haƙuri, Kawu. Kada ka je bayan kasuwa. Ka bar ta a wannan tsawon har Asabar." Ta kwance zaren matajin, ta auna daga ƙasa zuwa idon kamara, ta ƙulla, ta ƙirga taku zuwa bango, ta fice da gudu. A bakin ƙofa ta taka hawan da babu shi, ta yi taga-taga, ba ta ko waiwaya ba.

Ranar Laraba da safe, su Baba na karya kwana da tsaninsu, ta juya labulen Yaya ta rataye shi ta baya, inda yadin yake fari. Inna ta shigo da tsintsiya ta same ta da buroshi a hannu.

"Auta, kin san dokar gidan nan."

"Na sani, Inna."

"In kika ɓata, babu wani yadin, babu kuma lokaci."

"Na sani."

Inna ta dube ta, ta dubi yadin, ta jingine tsintsiya. "To ni ido biyu gare ni, amma ban ga komai ba. Me zan riƙe miki?"

Gwaggo ta auna zarenta daga ƙasa, ta soka ƙusa a tsakiyar yadin, daidai tsayin idon kamara. Ta ɗaura dogon zare a ƙusar, ta goga masa gawayi. Inna ta riƙe ɗaya bakin a gefen yadi, ita kuma ta ja zaren ta sake shi, fat, ya bar baƙin layi. Suka matsa, fat. Suka sake matsawa, fat. Kafin rana ta take, layuka sun fito daga ƙusar ta ko'ina kamar hasken rana a zanen yara. A kan layukan ta tsayar da ginshiƙanta. Na gaba manya, amma ba su kai na gaskiya ba, don duk wanda ya tsaya kusa da su ya ji shi ma wani ne. Na bayansu suna raguwa, suna matsowa kusa da juna, yadda turakun titi suka koya mata. Na kusa ta ba su launi mai nauyi, na nesa ta yi ta ƙara musu fari har suka koɗe. Can wajen ƙusar ta buɗe wata 'yar ƙofa da ba ta wuce tafin hannu ba, sararin sama yana leƙowa ta ciki.

Wahalar ɗaya ce, ba ta iya gane lokacin da bakin buroshi zai taɓa yadi. Sau biyu ta dangwala inda ba ta nufa ba. Sai ta buɗe taga sosai, haske ya shigo ta gefe, ta lura buroshin yana da inuwa a jikin yadin. In ta kai hannu, inuwar takan taho ta tarye shi, inda suka haɗu nan ne taɓawa. Daga nan hannunta ya saki. Ta yi ta zane tana waƙa ƙasa-ƙasa, Inna na miƙo mata ruwa tana mantawa ta sha. Ta samo wani tsohon allo mai tsawo, wanda bai wuce gwiwa ba in an kwantar da shi a gefensa, ta cika shi da zanen furanni. Ranar Alhamis ta ture gwangwanin shuɗi da diddige.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna tana goge ƙasa. "Na fara tsoron an musanya min 'ya."

Kullum kafin su Baba su dawo sai su rufe aikin da tsofaffin alluna. Ranar Juma'a da la'asar Baba ya zo ƙara haskensa, ya janye allunan, ya tsaya cak.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

Ya matsa kusa, ya ja baya, ya koma gefe. "Daben nan an matse shi kamar an naɗe tabarma. Rufin kuma yana zubowa kan mutum. Wannan baranda ce ko rami?" Ya taɓa fentin da yatsa, bai gama bushewa ba. Ko ya so shafewa, babu abin da zai bushe kafin safiya. Yaya ya leƙa bayan yadin, ya ga matakalarsa tana kallon bango, ya kumbura kamar burodin da aka manta a tanda.

Baba ya goge yatsansa a hankali. "Gobe ke za ki ɗauka, ke za ki rataye, ke za ki sha kunyar. In Mai-hoto ya tsallaka bayan kasuwa, kin bar shagon nan. Ko wankin buroshi na yafe."

Asabar da safe Mai-burodi ya iso da hula mai tsawo da takalmi mai tudun dunduniya, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Matarsa na biye da shi tana danne dariya.

"Maigida, da ka ce in zo da kujerar tsakar gida ka hau, ai da mun huta."

"Ke dai ki rage miƙewa. Mutum sai ka ce turken lantarki."

Gwaggo ta rataye labulen. Ta zana alama biyu da alli a ƙasa, ɗaya kusa da labule, ɗaya taku guda a gaba, ɗan gefe kaɗan. Ta kai matar ta baya, ta kai Mai-burodi ta gaba, ta jawo allon furanni ta ajiye a gabansu ya rufe ƙafafunsu, don ƙafa ce ke tona asirin inda mutum yake tsaye.

"Kawu, cire hular."

"In cire? Yarinya, ita ce rabin tsawona!"

"Cire, ba za ka buƙace ta ba."

Ya cire yana waige. "To ni a gaba, ita a baya, kamar ina gudunta?"

"Shekara ashirin da biyar kana gudun hoton nan," in ji matar. "Yau dai ka tsaya."

Baba yana bakin ƙofa da Yaya, ya kasa haƙuri. "Auta, wannan wasan yara ne. Kowa yana ganin tazarar da ke tsakaninsu. Ga gajere a gaba, ga doguwa a baya."

"Kowa yana gani, Baba, amma ban da kamara."

Mai-hoto ya durƙusa yana nishi, ya kanga ido. Sai ya ce, "Kai." Ya ɗago ya dubi mutanen, ya sake leƙawa. "Kai! Kai, kai, kai! Mai-fenti, zo ka gani! Ɗakina ya zama titi! Ina bangona ya tafi?"

"Ni ba na leƙe-leƙe."

"Zo, don girman Allah! Gani ya kori ji!"

Baba ya tako kamar ana jansa, ya tattare riga, ya tsuguna. Gwaggo ta tsaya a bayansa. Tana kallon bayan wuyansa. Ya daɗe. Sannan ya janye kai gefen kamarar kaɗan, ya dubi mutanen da idonsa biyu, ya sa tafin hannu ya rufe na hagu.

"Mai-burodi," ya ce da wata murya da ba tasa ba, "ka yi tsawo."

"Da gaske?"

Baba ya janye hannu. "Ka koma." Ya rufe. "Ka yi tsawo!" Ya buɗe. "Ka koma!" Ya rufe. "Wallahi ka fi ta!"

"To ka bar hannun a wurin mana!" Mai-burodi ya daka tsawa. "Mai-hoto, ɗauka kafin in koma!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Yaya ya ture kafaɗar Baba shi ma ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, bakinsa ya buɗe. Mai-hoto ya buɗe taga don haske ya wadata, ya ce kowa ya daina motsi, ya ƙirga uku, ƙyas. Ya sake, ƙyas. Matar Mai-burodi ta rangaɗa guɗa har masu wucewa suka tsaya.

Baba bai shiga hayaniyar ba. Ya miƙe ya nufi teburin kusurwa inda Mai-hoto ke ajiye butar shayinsa. Ya ajiye kofi, ya rufe idon hagu da hannu ɗaya, ya ɗaga butar da ɗayan, ya zuba. Shayin ya sauka a kan tebur, yatsa biyu gaban kofin, ya gangara ya ɗiga kan takalminsa.

"Teburina!" in ji Mai-hoto.

Baba bai ji shi ba. Yana tsaye da buta a hannu, yana kallon shayin da ke ɗiga. Ya juyo, har yanzu hannunsa na kan ido.

"Auta. Haka kike gani?"

"Haka nake gani, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kuma da haka kika zana wancan?"

"Da haka na iya zana shi."

Ya sauke hannun. Ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya zaro buroshinsa mai faɗi, wanda yatsunsa suka cinye wa mariƙi, wanda ko Yaya bai taɓa yarda ya taɓa ba. Ya miƙa mata. Ta kai hannu, ta kama iska. Sai ya kamo hannun nata da kansa, ya ɗora buroshin a tafinta, ya naɗe yatsunta a kai.

"Daga yau labule naki ne," ya ce. "Yayanki ya riƙe alluna. Kuma shi zai riƙa wanke buroshi, mu ga nasa ɓarin."

"Baba!" in ji Yaya.

"Ɗan hakin da ka raina," in ji Mai-hoto yana goge tebur, bai ƙarasa ba don dariya.

Ranar Talata hoto ya fito. Mai-burodi ya bi layin shago-shago yana nunawa, ya manta da burodi a tanda har ya ƙone. A hoton ya fi matarsa da yatsa biyu cif. Abu ɗaya ne, da yake ya fi kusa da kamara, kansa ya fito ƙato. Gwaggo ta ji kunya ta ce za ta gyara alamar a sake. Matar ta ce, "Bar shi, 'yata. Nan ne kaɗai kamarar ta faɗi gaskiya." Suka wanke uku: ɗaya ga 'yarsu, ɗaya ga bangon shagon burodi, ɗaya ga mai zane.

Shekara talatin da ɗoriya Gwaggo ta yi tana zana labule. Ta zana gadoji, ta zana lambuna, ta zana bakin teku ga mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Masu hoto daga wasu unguwanni sun yi ta zuwa, kowanne kuma tambayarta ta farko gare shi ɗaya ce: taku nawa ne ɗakinka, kuma ina idon kamararka yake tsayawa? Sunan Mai-ɓari bai bar ta ba, ita ma ba ta nemi ya bar ta ba, har a ƙasan labule takan rubuta shi da ƙananan baƙaƙe.

Yanzu hannu ya gaji, buroshin Baba yana cikin akwatinta naɗe a ƙyalle. Mahaifinmu, wato Yaya, yakan je wurinta duk Asabar da hantsi. In an kawo shayi ba ya bari kowa ya taɓa butar. Shi ke zuba mata, ya tura kofin har ya taɓa yatsunta, sannan ya ce, "Ga shi nan kusa, Gwana."